Jakar Baffa Abduljalil

Ranar Talata ce, iska ta tsaya cak a unguwarmu Nuzla, gumi na zuba ko mutum bai motsa ba. A ranar ƙanwata Areej ta kwana tara da zazzaɓi, tana sambatu da Larabci. Umma ta ce wannan ba ciwon asibiti ba ne. Ta nuna ɗakin sama da haɓa.

Baffa Abduljalil ne a ɗakin, ɗan'uwan babanmu na nesa. Malamin makaranta ne a Damagaram kafin ya zo umara ya zauna. Ba shi da iƙama, takardar izinin zama, ɗinki yake a wani shago a kasuwar Balad. Bayan la'asar yakan zauna bakin taga yana karanta littattafan Faransanci, yana jan layi da jan biro. Ni da na gudu daga makaranta tun ina shekara goma sha uku, ko baƙi ɗaya ban iya karantawa a ciki ba.

Yana fita na buɗe jakarsa. A bangon wani littafi, hoton tsohuwa ce ta tuɓe fatar jikinta ta rataye a ƙofa. Wani kuma baƙin zakara da kyandir. Ga busasshen ganye tsakanin shafuka. Da na nuna wa Umma, ta ce sihiri a ƙasar nan ba abin wasa ba ne, in maƙwabta suka ji mun shiga uku. Halas, magana ta ƙare, a kai teku, yadda ake yi da irinsu.

Na tofa musu Falaƙi da Nasi, na ɗaure su da dutse, na jefa can bayan kasuwar kifi.

Da ya dawo bai yi faɗa ba. Ya zauna, ya ɗora jakar a cinya. Ya ce ƙagaggun labarai ne daga tsibiran da Faransa ta mulka. Shekara goma sha ɗaya yana rubutu a kan abu guda da ya lura: a labaran nan, da yaro ya kwanta ciwo, sai gari ya nemo wanda ba shi da kowa, a ce shi ne maye.

"Ganyen fa, Baffa?"

"Dalbejiyar gidanmu ce, ɗana. Mahaifiyata ta shuka ta."

Washegari likita ya ce taifot ne. Areej ta warke cikin mako biyu. Baffa bai jira ba, ya miƙa kansa ga hukuma aka mayar da shi Nijar.

Ga abin da na jefa teku: littafi goma sha huɗu. Littafin rubutunsa uku. Ganye ɗaya. Da mutum ɗaya da yake ce mini ɗana.