Layar Alhaji Zaidu

Fatar layar ta tsage a hannun Hauwa kamar busasshen ganye. Ana gobe sunan ɗanta na fari ne kakanta, Malam Inusa, ya miƙo mata ita tare da sabuwar jar fata da basilla, ya ce ta sake mata riga. Shi ne baduku mafi tsufa a unguwarsu a Dogon Dutsi, amma shekara huɗu ke nan da idanunsa suka tafi, kuma cikin jikokinsa ita kaɗai ta zauna ta koyi ɗinki.

Ƙa'idar gidan ba ta da wuya. Duk ɗan da aka haifa, ranar suna sai a rataya masa layar kafin a yanka rago. In fatar ta tsufa a sake ta, amma ƙyallen da ke ciki ba a kwance shi. Kowa ya san abin da ƙyallen ya rufe: wasiƙar da wani babban Baturen Ingila ya rubuta da hannunsa ga Alhaji Zaidu, kakan Malam Inusa. Zaidu da ƙanensa Abdulwahid sun tafi Makka a ƙasa, yaƙi ya rutsa da su can, suka shiga cikin Larabawan da suka tayar wa Turkawa, suna jan raƙuman ruwa. Zaidu ya dawo da wasiƙar. Abdulwahid bai dawo ba.

Sai dai a wannan karon ƙyallen ma ya ruɓe. Hauwa na taɓa shi ya zube, takardar ta buɗe a kan cinyarta.

A aji uku ta bar makarantar lakwal, amma ta san rubutun hannu in ta gan shi. Wannan bugun inji ne, layi-layi, kamar takardar da ke cikin kwalin magani. Ta aika aka kira yayanta Nasiruddeen, wanda ke koyar da tarihi kuma ya yi karatun Larabci.

Ya tsuguna a bakin ƙofar ɗakin jego ya karanta har sau biyu. Sannan ya yi wata gajeriyar dariya wadda ba ta ji daɗinta ba.

"Yaya, ina sunan Alhaji yake?" ta tambaya.

"Babu sunan kowa. Kira ne ga Larabawa su tashi su kori Turkawa, wai in an ci yaƙi ƙasarsu za ta zama tasu. Irin wannan dubu-dubu ake bugawa a watsar. Tsinta ya yi, Hauwa, yadda kike tsintar leda a hanyar kasuwa."

"To, an ba su ƙasar?"

"Turawan Ingila suna rubuta wa sarakunan Larabawa wasiƙu masu zaƙi, a ɗaya ɗakin kuma suna zaune da Faransawa suna raba ƙasar a kan taswira. Wannan naka, wannan nawa." Ya nuna kudu da haɓarsa. "Su biyun nan dai da suka ja layin da ya sa sai kin nuna takarda kafin ki je Kangiwa gaida Gwaggo."

Hauwa ta dubi jaririn da ke barci a kan tabarma. Wuyansa bai kai kaurin yatsunta uku ba. Ta tuna yadda ake ba da labarin Abdulwahid, cewa ƙishirwa ce ta kashe shi alhali yana janye da raƙumi mai ɗauke da salkunan ruwan wasu. Mutum huɗu a jere, uba da ɗa da jika da tattaɓa-kunne, sun yi alwala kafin su taɓa wannan abu.

"A murhu ya dace da ita," in ji Nasiruddeen. "Ko kuma gobe in karanta wa jama'a, kowa ya huta."

"Me za ka karanta wa jama'a, mushe?"

Malam Inusa ne tsaye da sandarsa a tsakar gida. Ba su ji zuwansa ba. Nasiruddeen ya maimaita masa komai, bai rage ba, bai kuma sassauta ba.

Tsohon ya dogara da sandarsa. "Ina da shekara bakwai Alhaji ya zaunar da ni ya sa hannuna a kan layar nan," ya ce. "Kai kuma da aka haifa jiya ka zo ka ce tsintuwa ce."

"Kaka, shi ya ce maka Bature ya rubuta masa?" in ji Nasiruddeen.

"Cewa ya yi, ka riƙe wannan, abin da aka ba mu ke nan a madadin Abdulwahid." Muryarsa ta ɗan sauka. "Maganar Bature daga bakin babana na ji ta."

Akuya ta ja igiyarta a gindin turke.

"Gobe za a rataya ta," in ji Malam Inusa. "Ina raye ba za a ce a hannuna abin ya yanke ba. Hauwa, ɗinke."

Ita ba mai magana ba ce a gaban manya, balle a kan ɗan fari, wanda ko kallonsa ba ta yi in da mutane. Amma ta ji bakinta ya buɗe.

"Kaka, yaron nan bai yi wa kowa laifi ba. Don me zai fara duniya da ƙaryar wasu a wuya?"

"Ƙaryar tasu ce. Gawar tamu ce." Ya juya ya lalubi hanyarsa zuwa zaure.

Nasiruddeen ya miƙo hannu don ta ba shi takardar. Ta hana shi. Ta ninke ta yadda ta same ta, ta naɗe a sabon ƙyalle, ta yanka jar fatar daidai. Gefe uku ta yi musu ɗinkin gidansu, ƙanana a matse, wanda ko ruwa ba ya ratsawa. Da ta zo gefe na huɗu sai ta tsaya. Ta huda rami biyar kawai, ta zura zaren fata, ta ɗaure shi da ƙullin zarge, irin wanda yaro ma zai iya ja ya kwance ranar da ya iya karatu.

Da safe tsakar gida ta cika. Liman ya yi addu'a, aka faɗi sunan: Zaidu. Aka kawo jaririn gaban Malam Inusa, Hauwa na leƙe ta bayan labule.

Tsohon ya karɓi layar ya bi ta da babban yatsa, yadda yake yi wa aikin kowane mai koyo. Gefe ɗaya, biyu, uku. A na huɗu yatsan ya tsaya a kan ƙullin, ya daɗe a wurin. Nasiruddeen ya sunkuyar da kai.

"Wa ya koya mata wannan ɗinki?" in ji tsohon, ba da ƙarfi ba.

Ya ɗan ja bakin zaren ya ji yana tafiya, sai ya sake shi yadda yake. Ya lalubo kan jaririn, ya rataya masa layar, ya ce a kawo ragon.