Kofin Kinue

Ina turo ƙofar kicin ɗinsa na tarar da Baba Tokuzo, maƙwabcina, tsaye da buta a hannu yana tsiyaya tafasasshen ruwa a kan ruwan sanyi.

"Baba, me kake yi haka?"

"Ruwan shayi nake sirkawa, Hatsu. Idon ya tafi ne ya bar miki bakin?"

"Ai na sanyi ne a ƙasa."

Sai ya tsaya yana kallon kwanon. A ƙauyenmu ko yaro ya san ba a ɗora ruwan zafi a kan na sanyi sai ranar wankan gawa. Ruwan koren shayi kuwa juya shi ake daga wannan kofi zuwa wancan har ya huce don kansa. Shi da bakinsa ya koya mini haka tun ina amarya.

"Ba ni na zuba na sanyin ba," ya ce a hankali. "A nan na same shi."

To, shi kaɗai ne a gidan tun rasuwar matarsa Kinue. Ranar da aka fita da gawarta, da aka zo fasa kofinta a bakin ƙofa kamar yadda ake yi don kada mamaci ya dawo, ƙwace shi ya yi ya sa a aljihu. Tun daga nan, duk shekara in shayin gonarsu ta kan tudu ya yi tohon farko, sai ya fara zuba mata a wannan kofi a gaban hotonta kafin ya kai nasa baki. Mu dai mun taso muna jin cewa wanda ya sha tohon farko ya sami lafiyar shekara. A shekarar da na same shi da butar nan, sanyi ya ƙi tafiya, itatuwan suka ƙi toho, ga ciwon zuciyarsa yana ta ƙaruwa.

'Yarsa Fumie ta zo daga birni da sabon shayi na kudu, inda ake riga mu tsinka. Ya zuba a tafin hannu, ya matsa kusa da taga.

"Kin iya zaɓe. Dubi, siri-siri kamar allura, kore shar, yana ƙyalli. Ba gari, ba jan ganye. Shinshina, Hatsu, kamar an yanke ɗanyar ciyawa."

"To ka sha mana, Baba," in ji Fumie. "Kai ne kullum kake cewa shi ya kai ka shekara casa'in da haƙoranka."

"Ku sha ke da wannan sarkin surutun. Uwarki ba ta san wancan tudu na kudu ba. In na ba ta wannan, ina za ta gane gida?"

Fumie ta koma birni ranta a ɓace. Ni kuma kowace safiya sai na hau tudu da gwiwoyin nan nawa ina duba rassa. In na sauko, daga shimfiɗarsa zai ɗaga murya.

"Ya fito?"

"Saura kaɗan."

"Haka kika ce jiya. Kinue ma ta gaji da jira."

Ban tambaye shi yadda aka yi ya sani ba.

Da tohon ya fito, na tsinko cikin kwando ɗaya, ganye biyu da tsinin tsakiya, na turara, na murza da hannu a kan ɗumi har ya bushe, na zuba a gwangwani. Da hantsi na shiga. Yana kwance, fuskarsa ta faɗa, amma hancin nan yana aiki.

"Namu ne," ya ce tun ban buɗe gwangwanin ba.

Na yi ta juya ruwan daga kofi zuwa kofi yana bin hannuna da ido. Na miƙo masa.

"Nata tukuna."

Na kai kofin Kinue gaban hoton, na kunna turare. Ina durƙushe na ji muryarsa a bayana, da 'yar dariya a ciki.

"Ta ce kin yi gaggawa, da ɗan ɗaci. Amma ta sha."

"Ka ce mata ta zo ta dafa da kanta."

Da na waiwaya, hannunsa yana kusa da kofinsa, kofin a cike yana tururi, shi kuwa rai ya yi halinsa. Na daɗe a zaune kafin na je ɗauko na Kinue. Rabi na samu a ciki, gefe ɗaya na bakin kofin a jiƙe.

Ranar da za a fita da shi aka miƙa wa Fumie kofinsa a bakin ƙofa don ta fasa. Ta ɗaga hannu, ta dube ni, sai ta zura shi cikin hannun rigarta.

Mabuɗin gidan yana wurina, ni nake buɗe tagogi iska ta shiga. Bana da tohon ya fito na ajiye gwangwanin sabon shayi a kan teburin kicin na tafi. Da na dawo da safe, kofuna biyu suna kife a kan tsumma, ruwa yana ɗiga daga bakinsu.