Allurar 'Ya'yan Aladun Madam Kuan

Ranar da aka kafa dokar kulle ta korona a Malesiya, Dokta Nata'ala yana da kwalabe arba'in na allurar rigakafi a cikin firij ɗinsa. Da ya ji za a rufe jami'a ya kwaso su daga ɗakin gwaji, ya jera su a ƙasan robar yajin daddawar da matarsa ta bar masa.

Likitan dabbobi ne, mutumin Malumfashi. Shekara tara ya yi yana bin rugage a kan babur, yana yi wa shanu allurar ciwon huhu da ta harbin daji, kafin gwamnati ta ɗauki nauyin karatunsa na digiri na uku. Ya zo da matarsa Hasanatu da 'yarsu Hanifa, suka kama gida a hawa na sha bakwai na wani dogon bene a unguwar Sri Petaling. A watan Fabrairu Hasanatu ta ɗauki yarinyar suka tafi gida dubo mahaifiyarta da aka yi wa aikin ido, da niyyar sati shida. Kafin sati shidan ya cika aka rufe filayen jirgin sama, nan da can.

Shi kuwa a kan awaki ya zo yin bincike. Sai Farfesa Rajan, malamin da ke duba aikinsa, ya zaunar da shi ya ce maganar awaki ta rushe, kuɗin binciken da aka samu na wata cuta ce da ke kashe 'ya'yan aladu. Ƙwayar cuta ce da ke zama a hanjinsu, da zarar an yaye su sai ta saki dafi a jini. An haɗa rigakafin dafin, saura gwaji a gona.

"Na san kai Musulmi ne," in ji Farfesa. "In ba za ka iya ba, ba zan ga laifinka ba. Amma sai ka jira shekara guda, ko fiye."

Nata'ala ya yi kwana uku yana juya maganar, sannan ya kira malaminsa na zaure a Malumfashi. Malam ya saurare shi har ƙarshe, ya ce a mazhabarmu dabba in tana raye ba najasa ba ce, cin namanta aka hana, ya tsarkake jikinsa da tufafinsa ya yi sallarsa. Har zai ajiye waya, sai ya ƙara da cewa, "Amma Nata'ala, abin da littafi ya ce daban, bakin mutane daban."

Saboda haka bai gaya wa kowa ba sai Hasanatu. Duk ɗan gida da ya tambaye shi me yake bincike a kai, sai ya ce dafin ƙwayoyin cuta. Bai yi ƙarya ba.

Aikin dabbobi yana cikin waɗanda dokar kulle ta ɗaga wa ƙafa, don haka ya samu takardar izinin fita. Sau uku a sati yake sauka da kular da yake zuba kwalaben bayan ya idar da asuba, ya shiga tsohuwar motarsa, ya kama hanyar kudu. Titunan da a da sai mutum ya yi awa guda yana jan ƙafa a cikinsu sun zama wayam. A shingen 'yan sanda yakan miƙa takarda ta taga. Wani ya karanta ya ce ya wuce. Wani in ya kai kan kalmar alade sai ya ɗago ya dubi sunansa, ya dubi fuskarsa, ya miƙo takardar da yatsu biyu.

Gonar tana can cikin itatuwan kwakwar manja, kusa da teku. Mai ita wata 'yar China ce, Madam Kuan, gajeriyar tsohuwa mai shekara sittin da 'yan kai. Mijinta ya rasu, ɗanta tilo kulle ya rutsa da shi a Singafo, cikin ma'aikatanta biyar uku sun watse tun satin farko. Ba ta jin Turanci sosai, shi kuma Malayancinsa na sayen abinci ne. Da haka suke lallaɓawa, sauran kuma hannu ya ƙarasa.

Ranar farko wari ya buge shi tun daga ƙofa, ya ratsa takunkumi biyu. Madam Kuan ta sunkuya ta cafko ɗan alade mai kwana huɗu ta ƙafar baya, ta miƙo masa. Ya tsaya riƙe da sirinji kamar bai taɓa yin allura ba.

"Dokta, ba ya cizo," ta ce.

Ya karɓa. Ta cikin safar hannu ya ji ɗumin jikinsa, da zuciyarsa tana bugawa da sauri kamar ta ɗan akuya sabon haihuwa. Ɗan aladen ya tsala ihu. Nata'ala ya yi bisimilla a ransa bisa sabo, ya soka allurar a wuya, bayan kunne. Daga nan hannunsa ya tuna aikinsa.

Kwalaben iri biyu ne, masu jan murfi da masu shuɗi. Ɗaya rigakafi ne, ɗaya ruwan gishiri, kuma Farfesa kaɗai ya san wanne ne wanne, don kada son rai ya shiga lissafi. Wanda aka yi wa ja a maƙala masa jar lamba a kunne, na shuɗi shuɗiya. A sati biyu suka yi wa ɗari biyu da arba'in, tana kamawa yana sokawa.

In ya gama yakan tuɓe kayan aiki a bayan rumbun abinci, ya ƙulle su a leda, ya yi wanka da sabulun yumɓu irin wanda Malayawa ke sayarwa don tsarki. Ya dawo gida ya sake wani. Duk da haka sai ya riƙa jin warin a hancinsa har cikin sallah.

Mutum ɗaya ne ke shigo masa a kwanakin nan, Malam Fatihu, Bazazzage mai digiri na uku a fannin lissafi, da ke hawa na sha biyar. Da yake masallatai a rufe suke, Fatihu kan hau da magariba su yi jam'i su biyu a falo, su sha shayi, su taɓa hirar gida. Ran nan, kwana biyu kafin azumi, Nata'ala ya fito daga kicin da kofuna ya tarar da takardar izininsa a hannun Fatihu. A kan tebur ya manta ta.

"Dokta, wannan gonar da aka rubuta a nan, ta mene ce?"

"Ta abin da ka karanta ce."

"Kana nufin da hannunka kake taɓa su?"

"Da safar hannu. Na tambayi malamai kafin in fara."

Fatihu ya ajiye takardar a hankali. Ya dubi dardumar da suka yi sallah a kai, ya dubi kofin da ake miƙo masa. Ya karɓa, amma har ya tashi bai kai shi baki ba.

Washegari ya turo saƙo cewa iyalinsa suna jin tsoron cutar nan, gara kowa ya riƙa yi a ɗakinsa. Magana ce mai ma'ana, kowa haka yake yi a lokacin. Da azumi ya kama, Abdulrahman, ɗan kasuwar da ke kawo wa ɗalibai kunu da ƙosai daga unguwar Danau Kota, ya koma rataye masa leda a hannun ƙofa ya buga ya juya, alhali a da sai ya tsaya sun gaisa. Wannan ma haka ake yi wa kowa. Nata'ala ya rasa gane ko korona ake gudu ko shi, kuma ba wanda zai tambaya. Yakan sha ruwa a tsaye a bakin taga, yana kallon jirgin ƙasa na wucewa da fitilu a kunne, ba kowa a ciki.

Ya gaya wa Hasanatu a waya. Ta ce, "Abban Hanifa, ai ba sata kake yi ba. Ka dai ci abinci, na ga wuyanka ya fito."

Ran goma ga azumi, kwana shida da yaye rukunin farko, Madam Kuan ta tare shi tun a ƙofa ba ta ko gaishe shi ba. Ta ja shi zuwa kejin ƙarshe. Uku suna kwance sun sandare. Wani yana tangaɗi kamar mashayi, fatar idonsa ta kumbura ta rufe ƙwayar, in ya buɗe baki zai yi kuka sai wata 'yar shaƙaƙƙiyar murya ta fito. Kuma ba ramammu cutar ke ɗauka ba, sai ta zaɓi waɗanda suka fi ƙiba da cin abinci. Ya duba kunnuwan matattun. Shuɗi, shuɗi, shuɗi.

A kwana goma sha ɗaya suka rasa ashirin da shida. Ashirin da biyar masu shuɗiyar lamba ne. Shi yake buɗe cikinsu da azumi a bakinsa, ya ɗebi samfur, ya rubuta, ita da ma'aikatan biyu su kai rami. Ba sai Farfesa ya faɗa ba, kowa ya gane kwalbar da ke da magani.

Wata safiya tsohuwar ta zauna a kan bokiti, ta nuna masa aladu mata goma sha biyu masu tsohon ciki.

"Waɗannan sun kusa haihuwa. Ka yi wa 'ya'yansu ja, duka."

"Madam, ƙa'idar gwajin rabi da rabi ce har ƙarshe. Ba ni na tsara ba."

"Kai ka sani, ni na sani, su ma masu kwasar gawa sun sani. Wa kuma ake jira ya sani?" Ta goge fuska da gefen riga. "Mijina ya bar min gonar nan da uwaye ɗari. Ni kaɗai nake kwana a nan, Dokta. Ina jin su in sun fara."

In aka yanke gwajin a nan, wataƙila masu jarrabawa su ce adadin bai isa ba, a ƙara masa shekara. Ya yi tunanin wannan a hanya tun daga gona har gida. Da la'asar ya tattara lissafin ya aika wa Farfesa, ya kira shi ya ce ba zai sake cika sirinji da ruwan gishiri ba. Farfesa ya yi faɗa, ya ce likita ba ya canza gwaji don tausayi. Nata'ala ya ce ya duba alƙaluman tukuna. Bayan kwana huɗu Farfesa ya kira ya ce kwamiti ya yarda a tsayar da shuɗi, amma babi guda na kundinsa sai an sake shi daga tushe.

Uwayen suka haihu kusan a tare, kwana huɗun da ake yi wa jariran allura ya faɗo ranar Sallah. Nata'ala ya sa shaddarsa ya yi raka'a biyu shi kaɗai a falo. Hanifa ta nuna masa lallenta a waya, hoton yana tsayawa yana tafiya. Ranar hukuma ta yarda a ziyarci juna in ba a wuce mutum ashirin ba. Da lif ya tsaya a hawa na sha biyar, ƙofa ta buɗe, ya jiyo Hausa da dariya da ƙamshin miyar taushe daga gidan Fatihu. Ba wanda ya shigo. Ƙofar ta rufe, ya sauka da kularsa.

Ɗari da talatin da takwas suka yi wa allura ranar, duka ja. Sai bayan azahar suka gama. Da ya fito daga wanka ya tarar da Madam Kuan a jikin motarsa riƙe da leda ta hannu ɗaya, ta nesanta ta da jikinta.

"Daga gidan Hajiya Salmah na ƙauyen can na sa aka kawo. Musulma ce. Ban buɗe ba, ko cokalin sabo ne. Makan, Dokta, ci abinci. Yau ranarku ce."

Dafaffiyar shinkafa ce a cikin saƙar ganyen kwakwa, da naman sa da ya sha kayan yaji. Ya zauna a mota ya bar ƙofa a buɗe yana ci. Ita kuma ta jawo bokitinta ta zauna can nesa kaɗan, ta kunna sigari. Tana nan zaune har ya cinye.

Aka yaye rukunin a ƙarshen Yuni. Ya riƙa zuwa kullum yana duba idanunsu ɗaya bayan ɗaya. Sati uku suka wuce, biyu kawai aka rasa, su ma ba cutar ce ta kashe su ba. Ranar da ya rufe lissafi Madam Kuan ta bi kejin tana ƙirgawa da yarenta, ta kai ƙarshe ta sake farowa.

A hanyar dawowa ya kira Hasanatu sau uku, layin bai shiga ba. Farfesa yana taro. Ya ajiye mota, ya tsaya a ƙofar gini inda mai gadi, wani ɗan Nepal, yake auna zafin jikin masu shiga. Mutumin ya saita masa na'urar a goshi.

"Ɗari da talatin da shida sun rayu," Nata'ala ya ce masa da Turanci.

Mai gadin bai san me ake nufi ba. Ya duba na'urarsa, ya ɗaga babban yatsa, ya ce, "Boleh, boleh," wato ba matsala, ya matsa masa ya wuce.

Sai a watan Oktoba Hasanatu da Hanifa suka samu izinin dawowa. Suka yi sati biyu a killace a otal, yana zuwa ya tsaya a tsallaken titi suna ɗaga masa hannu daga hawa na tara. Babin da aka ce ya sake ya ci masa wata bakwai.