Atishawar da Ta Danne Muryar Mama

Tsohon direba ya ajiye wayarsa a kan teburin mai gyara, tsakanin tulin caja da wata kwamfuta da aka farke wa ciki.

"Wannan ba matata ba ce."

Mai gyara ya duba. Shi ne ya juye masa tsohon kaset ɗin bidiyon zuwa waya. Ga marigayiyar nan a falo, tana nuna mijinta da yatsa, jijiyar wuya a miƙe, amma muryar kamar ta sauro a cikin tulu.

"Ita ce mana, Baba. Sauti ne ya yi ƙasa."

"Matata ba ta taɓa yin ƙasa ba. Idan ta kira ni daga kicin, mai shagon bakin titi ne ke fara amsawa."

Abin da ya ƙona masa rai shi ne, surukarsa ta kalli bidiyon ta share hawaye, ta ce ashe Mama mace ce mai sanyin murya. Jikoki suka gyaɗa kai. Ranar da ya mutu, wannan ƙaryar za su gada.

Mai gyara ya ƙure sautin wayar. Ya canza lasifika. Ya hura wa ramin caja iska, don dai a ga yana aiki. Mama ta ci gaba da raɗa.

Sai ya buɗe bidiyon a kwamfuta. Zanen sautin ya fito a kwance kamar zare, in ban da wuri guda da ya yi tsiri har sama.

"Mene ne wannan?" in ji tsoho.

Mai gyara ya kunna wurin. Wata atishawa ta fashe har caja biyu suka faɗo daga teburin.

"Ga ɓarawon nan. Injin juyewar yana auna komai da abin da ya fi ƙara. Da ya ji wannan, sai ya rage kowa don ta samu wuri. Ta wane ne?"

Tsoho ya gyara zama. "Tawa ce. Ka ji irin lafiyata a lokacin."

"To, sai an yanke ta, sannan muryar Mama za ta tashi."

Tsoho ya ƙura wa tsirin ido. A duk bidiyon, atishawar nan kaɗai ce maganarsa. Ya sa aka sake kunna masa ita, ya saurara da kyau, kamar mai sallamar aboki a tasha.

"Yanke."

Mai gyara ya yanke, ya sake juyewa, ya kunna. Muryar Mama ta cika shagon.

"Kai ba ka da hankici ne? A gaban baƙi?"

Wani da ya kawo waya gyara ya juya daga bakin ƙofa. Tsoho kuwa bai san lokacin da ya miƙe tsaye ba, hannu na laluben hankici a aljihu.

Mai gyara ya rage sautin. "Sai dai fa yanzu babu atishawar, Baba. Duk wanda ya kalla zai ce faɗa take maka ba gaira ba dalili."

Tsoho ya goge ido da bayan hannu.

"Yanzu ka samo ta. Sa min a waya."