Mai Auna Ruwa na Takieta

Zuliha tana tankaɗe a tsakar gida ta ji Rut, matar maƙwabcinta, tana kiranta ta kan katanga, wai mijinta Istifanus, wanda ake kira Mushe kamar sauran ma'aikatan gwamnati, ya sake fita. A bakin lungu suka same shi tsaye cikin ranar azahar, ba hula, ya ɗaga fuska sama ido a rufe, kamar mai sauraron kiɗa daga nesa. Suka riƙe shi suka shigo da shi gida. Bai yi gardama ba, jikin duk ya zube, ba nauyi.

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana auna ruwan sama a biron noma, wato ofishin aikin gona, na Takieta. Kowace safiya sai ya duba kwalbar awo, ya rubuta abin da ya gani. Da damina biyu suka wuce kwalbar tana bushe, manoman Dakusa suka riƙa tare shi a hanya suna tambayarsa yaushe za a yi ruwa, wasu da wasa, wasu ba da wasa ba. A da mutum ne mai fara'a, shi ke jan waƙa a majami'a. Sai ya bar waƙar, ya bar aski, daga baya ya ajiye aikin suka dawo unguwar Kara-Kara. Likita ya ce ciwon damuwa ne, ya ba da ƙwayoyi. Fasto ya zo ya yi addu'a. Zuliha ma ta karɓo rubutu wurin malaminta, Rut ta amsa da hannu biyu. Shi dai magana ɗaya ya riƙe, cewa shi ya tsare ruwan.

Ran nan Zuliha ta dama kunu da jar dawar taimako, ta durƙusa gefen tabarmarsa.

"Mushe, daure ka sha ko kaɗan ne."

"Hajja, ina zan iya? Mutanen Dakusa sun bar gidajensu saboda ni."

"Ruwa na Allah ne, Mushe. Kai rubutawa kawai kake yi."

Ya yi mata murmushi, bai taɓa kwanon ba.

Daga nan sai ya soma ba su labarin abin da shi kaɗai yake gani. Wai tabki ya cika har bakin zaure, agwagi suna iyo a lungu, gero ya fi katanga tsawo, marigayiya uwarsa tana ratsawa cikinsa da tulu a ka. A hankali yake faɗa, da muryar waƙarsa ta da. Zuliha, wadda shanun ƙanenta suka ƙare kaf a wannan shekara, takan ajiye aikinta ta saurara, har ta ji kamar ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Ranar Talata da hantsi ya ce a fito da shi gindin dogon yaro. Rut ta gama wanki ke nan da ɗan ruwan da ta samo. Sama fari fat, ko gajimare babu.

"Rut, kwashe shanya. Ga shi nan tafe."

Rut ta dubi Zuliha, sannan ta tashi ta bi igiya tana cire kayan ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Zuliha tana riƙe da hannunsa ta ji ya sake. Ta yi salati a ranta, ta shafa masa ido ta rufe.

Rut ta juyo ta tsaya da wankin rungume a ƙirjinta. Hannun rigarsa yana ɗiga a ƙasa, ƙasar tana shanyewa.