Giɓin Mama Ozioma

Ozioma ta ciro haƙorin saniya na ƙarshe daga kwalbar manja, ta ɗauraye shi, ta sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ba ta buƙaci dogon kallo ba. Layin yana nan, siriri, jaja-jaja, ya zagaye bakin cikon da ta yi wa haƙorin. Wanda ta jiƙa a ruwan garin taba ma ya fi wannan muni. Ta zauna a kan kujera ta zuba wa haƙoran ido.

Shekaru ke nan tana fama da abu ɗaya a wannan ɗakin gwaji na Abakaliki: ta fitar da garin silika daga ƙaiƙayin shinkafa, irin garin da ake cakuɗawa da danƙo a cike haƙori. A wanke ƙaiƙayi da ruwan asid, a ɗauraye, a shanya, a ƙona a tanderu har ya koma toka fara fat, a narkar, a tace, a niƙa har ya fi hoda laushi. Duk wannan ta iya shi kamar dafa ruwa. Inda take tuntuɓe shi ne matakin ƙarshe, wato shafin da ake yi wa garin don ya riƙe danƙo gam. In bai riƙe ba, cikon zai ɗan janye daga jikin haƙori, abinci ya samu hanya, ruɓa ta biyo baya.

Ƙa'idar gwajin da aka rubuto daga waje ta ce a jiƙa a shayi, kuma a shayi garinta ya ci jarrabawa. To amma wa ke rayuwa a kan shayi a Abakaliki? Ita da kanta ta ƙara manja da taba, don ta san bakin da abin zai shiga. Kuma yau ne mai bakin za ta zo.

Mahaifiyarta, wadda ake kira Mama Ozioma, a gindin tsaunin ƙaiƙayi ta tsufa, can bayan injinan casa, inda mata ke sheƙe abin da inji ya zubar suna tsintar gutsattsarin shinkafa. Da wannan tsintar ta sa 'yarta a makaranta. Matan wurin suna da wata al'ada: in mace ta kife faifanta a wani gefe ta ɗora dutse, gefen ya zama nata. Ko jinya ta tafi, ko biki, ba mai taɓawa har ta dawo. Ozioma tana ƙarama ta sha zaman gadin faifan da ba ya buƙatar gadi.

A bara ne tsakuwa ta fasa wa tsohuwar haƙorin gaba, tsakuwar cikin wannan shinkafar dai da ta yi wa hidima. Matar da ake jin dariyarta daga bakin titi ta koma rufe baki da gefen zane. Ozioma ta yi ta roƙonta su je a gyara, ta ƙi. Ta ce ba za a sa mata kayan wata ƙasa ba alhali 'yarta na yin nata. Ita ke zaɓo ƙaiƙayi mai tsabta tana kawowa da kanta, kuma babu matar da ba ta gaya wa ba, daga gindin tsaunin har coci, cewa a taron mata na Agusta za su ga haƙorin ƙaiƙayi da idonsu. Taron jibi ne. An riga an ɗinka anko.

Ozioma ta naɗe haƙoran biyu a takarda ta tsallaka zuwa ɓangaren haƙori, wurin Dakta Igboke, wanda suka yi sakandare tare. Ya duba, ya ɗaga kafaɗa. Ya ce ko da gwajin ya yi kyau, ita ma ta san ba a ba su izinin sa shi a bakin mutum ba tukuna. Sannan ya jawo aljihun tebur ya ciro sirinjin ciko na waje.

"Wannan fari, naki fari," ya ce. "Mu sa mata, mu ce naki ne. Wa zai tona? Haƙorin?"

Ta ce masa ƙarya ce. Ya ce ƙaryar da za ta mayar wa tsohuwa dariyarta, shi ko a gaban fadan coci zai maimaita ta. Gaskiyar magana shawarar ta kwanta wa Ozioma. Ta gaji da ganin gefen zanen nan a bakin uwarta.

Da hantsi Mama ta iso cikin keke mai ƙafa uku, sanye da kayan zuwa coci, ga buhun ƙaiƙayi a gefenta wanda ta hana direba taɓawa. Ta gaida masu shara, ta gaida masu jiran layi, ta sanar da su abin da ya kawo ta ba tare da kowa ya tambaya ba. Da ta ga Igboke ta ce har yanzu bai yi ƙiba ba, matarsa ba ta iya tuƙa sakwara ba ne? Ya ce Mama ta bari a gyara bakin kafin ta ƙarasa shi da zagi. Ta yi dariya a bayan zane, ta hau kujerar.

Igboke ya kunna fitila, ya ajiye sirinjin a tire, ya kalli Ozioma ta wutsiyar ido. Sai tsohuwar ta ɗaga hannu ta ce a dakata, a ba ta ta riƙe tukuna. Ta karɓa da hannu biyu, ta rufe ido, ta fara addu'a a hankali. Ta gode wa Allah da ƙaiƙayin da ya cinye mata fata da ƙaiƙayinsa, ya sa mata tarin da ba ya warkewa, yau ga shi zai shiga bakinta da daraja. Ta ambaci sunayen matan da suka mutu a wannan sana'a ba su ga ranar ba. Ozioma tana tsaye tana kallon rubutun baƙon harshe a jikin sirinjin, tsakanin yatsun uwarta masu kanta. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba.

"Mama, wannan ba nawa ba ne."

Tsohuwar ta buɗe ido.

Ozioma ta warware takardar, ta nuna mata haƙoran saniyar da jan layin. Ta gaya mata komai: cewa nata bai nuna ba, in aka sa shi zai ruɓar da sauran haƙorin, kuma ba ta san ranar da zai nuna ba. Ta ce na wajen yana da kyau, a bari a sa, ba mai ganewa a taron. Igboke ya sa baki ya ce haƙorin da ya fashe ba ya son jira, yana iya ƙara karyewa.

Mama ta juya haƙorin saniyar a tafinta, ta kai shi kusa da ido. Ta tambaya ko ƙaiƙayin da take kawowa ne ba shi da kyau. Ozioma ta ce a'a, laifin daga wurinta ne. Tsohuwar ta miƙa wa Igboke sirinjinsa cikin ladabi, ta ce ya adana wa wanda ba shi da 'ya. Ta sauko daga kujerar ta gyara ɗaurin kallabinta.

Ozioma ta bi ta har bakin titi tana magiya. Me za ta ce wa matan jibi? Dariya za su yi mata.

"Su yi mana, Nne, 'yata. Haƙora gare su."

"Mama, abin nan zai iya ɗaukar shekaru."

"Ke kika san wannan." Ta tsayar da keke, ta ɗora yatsa a kan giɓin. "Nan na kife miki faifai. Ba mai taɓawa. Sai dai ki yi sauri, don in kika sa aka binne ni da rami a baki, sai na dawo na same ki."

Direban ya tuntsire da dariya, ita ma ta taya shi. Ozioma ta jira ta ga hannun ya tafi neman gefen zane. Hannun bai motsa daga kan cinya ba. Keken ya ja, tsohuwar tana ta dariya da giɓinta a fili, har suka sha kwana.

Buhun yana nan jingine a bakin ƙofa inda aka sauke shi. Ozioma ta ɗaga shi, ta ji ya fi na kullum nauyi, don an danna shi sosai. Ta ja shi zuwa wurin wanki ta kunna famfo.