Zaman Ƙofar Masana'anta

Kwana tara ke nan mutanen unguwa suna zaune a bakin ƙofar masana'antar jimar fata, sai Ungozoma ta hango ƙaninta Direba yana ratso mutane da jarka a hannu. Warin fetur ya riga shi isowa.

Ta miƙe ta sha gabansa. "Ina za ka da wannan?"

"Yaya, ba ni hanya. Jiya muka binne 'yata. Kuna nan kuna jan carbi, bututunsu bai fasa zuba ba."

Bai yi ƙarya ba. Ita ta karɓi haihuwar yarinyar, ita kuma ta yi mata wankan ƙarshe. Shekara uku masana'antar na sako baƙin ruwa cikin rafin da unguwa ke sha, yara na kumbura suna mutuwa. An rubuta takardun koke har hannu ya gaji. Ranar da Liman ya faɗa a huɗuba cewa yin shiru a kan zalunci laifi ne, amma duk wanda ya ɗauki dutse ya fita daga sahu, ita ce mace ta farko da ta naɗo tabarmarta zuwa ƙofar masana'antar. Washegari Fasto ya zo da mutanen cocinsa, don su ma rafin suke sha.

"Dubi wanda ke tsaye bayan ƙofar can," ta ce. Maigidanta ne, maigadin masana'antar, cikin kakinsa. "Da shi za ka fara, sannan leburori ɗari biyu da suka fito neman abincin 'ya'yansu."

Liman ya ƙaraso yana dogara sanda. "Ɗana, in ka ƙyasta ashana, gobe labarin gobara za a yi, ba wanda zai tuna da 'yarka. Abin da suke jira ke nan. Ba tsoro ne ya zaunar da mu ba."

"Ajiye jarkar ma, muna da aikinta," in ji Fasto. "A wanke ta a ɗebo ruwa. Mutanen Liman sun ƙarar mana da namu wajen alwala."

Aka ɗan yi dariya. Direba ya dire jarkar, ya durƙusa. Ta dafa kansa kamar lokacin da take goya shi.

* * *

An tayar da sallar la'asar ke nan motar 'yan sanda ta tsaya. Mutanen coci suka kewaye sahu suka zauna, suna waƙa ƙasa-ƙasa. Su ne kulaken 'yan sanda suka fara samu, sannan masu ruku'u. Ungozoma ta ji duka a kafaɗa har idonta ya yi duhu, amma ba ta sallame ba sai da Liman ya sallame. Da ta waiga, ta ga Direba zaune ya cusa hannuwansa biyu a hammata, jini na bin goshinsa.

Daga cikin harabar, Manajan masana'antar ya daka wa maigadi tsawa. "Saki karnukan!"

Maigidanta ya dubi makullin kejin, ya dubi mutanen. "Ranka ya daɗe, masu salla ne." Ya zura makullin a aljihu.

Wata mai sayar da katin waya ta ɗauki komai a wayarta. Kafin kwana biyu babu wanda bai ga Liman, tsoho da sanda, ana dukansa a kan sallaya ba. A rana ta goma sha huɗu masu duba muhalli suka zo, aka toshe bututun da siminti a gaban idon kowa.

* * *

Takardar korar maigidanta ta iso gida kafin kumburin kafaɗarta ya saɓe. Layi uku, bayan aikin shekara ashirin da biyu.

"Maigida, ni na ja maka," ta ce.

"Ke kika sa min makulli a aljihu?" Ya ninke takardar. "Ko gobe aka sake, abin da zan yi ke nan."

Ta yarda da shi. Sai dai kullum da safe yakan goge takalmansa har su yi ƙyalli, ya zauna a benci a ƙofar gida. Idan jiniyar masana'anta ta yi kuka ƙarfe bakwai, sai ya ɗan yunƙura, sannan ya koma ya zauna.